Don Allah wa ya gane maganar Pst da Pit a E. coli?

Salam 'yan uwa, ɗaliba ce ni a nan Bauchi, furojet ɗina kan yadda bakteriya ke shigar da sinadarin fosfet cikinta ne. Na gane bakteriyar E. coli tana da ƙofa biyu na shigar da shi, Pit mai aiki in fosfet ya wadata, da Pst mai cin ATP (makamashin ƙwayar halitta) wadda furotin PstS ke cafko mata fosfet ɗin ko ya yi ƙaranci. Inda na maƙale, me ya sa in aka lalata Pst sai PhoB (furotin da ke kunnuwa in fosfet ya yi ƙaranci) ya kunnu, enzayim ɗin alkalin fosfates ya yi ta fita alhali fosfet na nan jingim kuma Pit na shigo da shi? Kenan ba fosfet ɗin cikinta E. coli take aunawa ba? Kuma ina furotin PhoU ya shigo? Wallahi abin ya tsaya min a rai, difens ɗin furojet ya matso, a taimaka.