Yadda harshen Airish yake bambanta wauta, taurin kai da hauka

Hadiza: Assalamu alaikum. Ina koyon harshen Airish, kuma ina neman wanda zai bambance mini tsakanin míchiall da míréasún, domin a ƙamus duka biyun rashin hankali suke nufi. Sannan wace kalma ake amfani da ita idan abin ya wuce wauta ya kai ga hauka?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Tushensu ne ya bambanta: míchiall daga ciall take, míréasún kuwa daga réasún. Ciall ita ce tsohuwar kalmarsu ta hankali, irin wanda shekaru da gogewa suke kawowa, shi ya sa suke karin magana da cewa "ní thagann ciall roimh aois", wato hankali ba ya riga shekaru zuwa. Réasún kuwa aro ce daga Faransancin Normawan da suka fara shiga Ailan a 1169, kuma ta fi karkata ga hujja. Don haka wanda ya yi ganganci da dukiyarsa míchiall ya aikata, wanda kuma ya kafe a kan buƙatar da ba ta da hujja shi ne míréasúnta. Ki lura cewa ciall tana sauya kama, ta zama chiall a gan chiall (marar hankali), ta zama céille a díth céille (rashin hankali), amma a ƙarƙashin ciall za ki neme su a ƙamus.

Binta: Malam ya yi bayani mai kyau, sai dai a bakin mutane ba waɗannan aka fi ji ba. Wawa namiji amadán ne, mace kuma óinseach. Maganar banza seafóid ce a yankin Connacht, mutanen Ulster kuwa sun fi cewa amaidí.

Malam Sani: Haka ne. Game da hauka, mahaukaci shi ne gealt, kalmar da ke manne da tsohon labarin sarki Suibhne, wanda aka ce ya zauce a yaƙin Mag Rath na shekarar 637, ya koma rayuwa a kan bishiyoyi. A gundumar Kerry ma akwai kwarin Gleann na nGealt, inda a da masu taɓin hankali suke zuwa shan ruwan wata rijiya don neman waraka. A ganina gealt ta yi kaushi a jingina ta ga mara lafiya a yau. Ki kuma yi hattara da ar buile, domin ko da yake buile hauka ce, idan aka ce mutum yana ar buile yawanci tsananin fushi ake nufi.