Gane irin ƙarfen abin da na'ura ta tono: abin da kowa ya gani da idonsa

Mai tambaya, daga Gwale a Kano: Assalamu alaikum. Ina amfani da na'urar gano ƙarfe a wani filin gado namu da ke bayan badala, da izinin 'yan uwa, kuma na tono wani munduwa mai nauyi wanda ya yi kore shar, da tsabar kuɗi masu huda a tsakiya. Lambar da na'urar ke nunawa ba ta raba mini gardama, domin murfin kwalba da azurfa kan ba da kusan amsa ɗaya. Ina roƙon waɗanda suka saba da wannan aiki su faɗa mana yadda suke tantance ƙarfe ba tare da sun lalata abin ba.

Maƙerin farfaru, daga Kurmi: Wa alaikumus salam, ɗana. Na'urarka tana auna yadda abu ke ɗaukar lantarki ne tare da girmansa da siffarsa, saboda haka kada ka ɗora mata abin da ba aikinta ba. Ni da maganaɗisu nake farawa: idan ya kama, baƙin ƙarfe ne, ko da an shafe shi da wani abu mai ƙyalli. Idan bai kama ba, sai in duba irin daudar da ƙasa ta bar masa. Jan ƙarfe da tagulla kore suke yi, kamar munduwan nan naka. Azurfa baƙi take yi ko toka-toka mai duhu. Dalma tana yin fari-fari kamar an barbaɗa mata gari, ga laushi har farce kan yi mata zane. Zinariya kuwa tana fitowa daga ƙasa da launinta kamar jiya aka binne ta. An sha kawo mini zobba da aka goge da yashi ko ruwan batir, kuma abin yana ba ni takaici, domin koren nan shi ne shaidar shekarun abu, idan aka kankare shi an tafi da rabin darajarsa.

Malamin kimiyya, daga Goron Dutse: Baba ya yi gaskiya, sai dai ido kan yi kuskure tsakanin azurfa da dalma, ko tsakanin tagulla mai haske da zinariya. Abin da nake yi shi ne in auna abin a kan ƙaramin sikelin 'yan zinari, sannan in ɗora kofin ruwa a kan sikelin, in mayar da shi sifili, in rataya abin da zare cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindin kofin ba. Idan aka raba nauyin farko da lambar da ta fito ta biyu, amsar tana nuna irin ƙarfen: alminiyam 2.7, baƙin ƙarfe wajen 7.9, tagulla wajen 8.5, jan ƙarfe 8.9, azurfa 10.5, dalma 11.3, zinariya tsantsa 19.3. Na gwada wannan a kan wani ɗan kunne da mai shi ya rantse zinariya ne, amsar ta tsaya kusa da 8.5. Hanyar ba ta aiki ga abu mai rami a ciki, ko wanda ƙasa ta daskare a jikinsa.

Mai tara tsofaffin kuɗi, daga Fagge: Malam, tsabar kuɗi ta fi komai sauƙi, domin shekarar da ke jiki takan ba da amsa. Masu hudar nan kwabo ne da anini na zamanin Turawa, kuma akasarinsu haɗin jan ƙarfe ne da nikel, shi ya sa suke fari amma maganaɗisu ba ya kama su. Aninin 1907 na alminiyam ne, ka ji shi sakayau a hannu. Sulen da aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ne mai kyau, amma daga 1920 aka koma buga mai ruwan tagulla. Na taɓa riƙe babban riyal mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, da aka samo wajen haƙa harsashin gini. Ko da yake 1780 ke jikinsa, an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har bayan ta da daɗewa, nauyinsa kuma giram 28 ne.

Wata ɗaliba mai nazarin kayan tarihi, daga Dala: Yayyena, a kewayen Dutsen Dala, inda aka daɗe da sanin narka tama, na'ura kan yi ƙara a kan kashin maƙera, wato baƙin dunƙule mai ƙofofi da ke saura bayan narka. 'Yan gwangwan ba za su saya ba, amma ga mai bincike shaida ce babba. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana haƙar kayan tarihi ba tare da izini ba, don haka ina ba mai tambaya shawara ya ɗauki hoton munduwan, ya rubuta wurin da zurfin da ya same shi, ya kai gidan tarihi na Gidan Makama a duba kafin ya bari a ɗiga wa munduwan asid don gwaji.