Abin da mahauta da likitocin dabbobi suka tsayar kan naman ƙetare

Sun fara da gargaɗi: naman shanu na cikin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su Najeriya, ko da daskararre ne. Don haka mai saye a Nijar ya koro shanun da ransu ta Maigatari, garin kan iyaka a Jihar Jigawa, da takardar lafiya, jami'an killace dabbobi su duba.

An fi daɗewa kan boru, wato ciwon baki da ƙafa na shanu, da ciwon huhu. Dalalar yawu da ɗingishi, ko tari da nishi, sun isa a fasa ciniki komai arha. Saniyar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci bai daskarewa, kada a feɗe ta, domin alamar cutar saifa ce, wadda ke kama mutum.

Wadda aka yi wa allura kuwa, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin su cika kafin yanka.