Ko marar addini na da gurbi a shirin addini na rediyo?

Ga abin da na tsinto daga wata muhawara da aka yi kan wannan tambaya:

1. Kusan kowa ya yarda filin tafsiri na malamai ne, na Lahadi kuma na fastoci.

2. A nan aka rabu. Wasu sun ce rediyon gwamnati na kowa ne, sashe na 38 na tsarin mulkin Najeriya ya ba da 'yancin tunani da addini, don haka a ji marar addini a shirin tattaunawa. Wasu suka ce a Zamfara, inda ake Shari'a tun 2000, fitina hakan zai haifar.

3. 'Yan Zuru sun yi tunatarwa kan masu addinin gargajiya, da ba a cika jin muryarsu ba. Wannan ya dame ni ƙwarai.

4. Ba wanda ya yarda da ɓatanci.