Abin da muka tsayar a majalisarmu kan wakilinmu na Abuja

Jiya bayan la'asar a majalisarmu ta gindin darbejiya a unguwar Jekadafari da ke Gombe an yi ta kace-nace kan dan majalisar da muka tura Abuja, wai shekara nawa ba a ji muryarsa ba. Ga abin da na tsinta.

Dattijon cikinmu cewa ya yi a daina auna wakili da buhun shinkafa da babur, a duba sau nawa ya mike ya yi magana a zaure, don a kujeru 360 na majalisar wakilai Gombe shida kacal gare mu, in shidan nan suka yi gum wa zai tada maganar zaizayar kasa da ke cin gidaje a gari, ko aikin hakar man fetur na Kolmani da aka kaddamar a 2022 har yau muna zuba ido?

Wani malamin makaranta ya ce surutu kadai ba ya isa, a bi kudurin da wakili ya gabatar a ga bayan karatu na biyu ya ci gaba ko a kwamiti ya kwana, nan ne ake binne su wallahi. Na yarda da shi.

Muka tsayar cewa masu korafi su rubuta takarda, mutanen unguwa su sa hannu a kai ofishin mazaba, zagi a Facebook ba ya shiga fayil.