Neman shawara: 406 HDi ɗina ta daina ja, bakanike uku magana uku

Abban Siyama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, raina ne a jagule. Ni malamin makaranta ne a Katsina. Shekara 6 ina goya mai ɗaki da yara a babur, har ranar da muka zube a hanyar asibiti da jaririya a hannunta, Allah ya tsare ba wanda ya karye. Tun ranar na ƙudurta sayen mota. Na sayar da filin da na samu a gadon mahaifinmu, abin da har gobe yayana bai huce ba, ko a taron suna muka haɗu sai ya jefo maganar. Shi cewa ya yi in dai dole ne in sayi Corolla mai fetur. Ni kuma wani abokina mai shigo da motocin Beljiyam ta Maraɗi ya nuna min Peugeot 406 mai dogon baya, 2.0 HDi, ƙirar 2002, mai shan gas. Ya ce in na cika tanki zan je Kano in dawo sau biyu da saura, kuma bai yi ƙarya ba. Wata 14 ban ga komai ba sai alheri.

Yanzu in na taka totur sai ta yi nauyi kamar an ɗaure ta ta baya, allurar juyin inji ba ta wuce 3,000, a hawa kuma sai baƙin hayaƙi, allo ya rubuto antipollution fault. In na kashe na sake tayarwa ta ɗan warware, can sai ta koma. Bakanike na farko ya zare tiyon intakula, wato na'urar sanyaya iskar da ke shiga inji, ya ga danshin baƙin mai, ya ce turbo, mai cusa wa inji iska, ya mutu. Na biyu ya ce nozul ne, masu fesa gas cikin inji. Na uku ya ce in sauke injin a ɗora na fetur in huta. Saura kwana 16 bikin ƙanwar mai ɗakina a Gusau, kuma ni aka ɗora wa kai tsofaffi. Wa zan bi?

Injiniya Mai Gas:
Wa alaikumus salam Malam. Shekara 22 ina kan injin gas, daga janareta har tirela, don haka ka buɗe kunne. Kada ka bari kowa ya taɓa turbo ɗin nan. Ɗan danshin mai a tiyon intakula ba komai ba ne, tururin cikin inji ne ake mayarwa ta nan, kowace HDi ka buɗe za ka same shi. Turbo in ya mutu sau da yawa hayaƙinsa shuɗi ne, yana shanye baƙin mai, yana kuka kamar jiniya. Naka baƙi ne, ke nan gas ya rinjayi iska.

Tunda akwai intakula, taka mai ƙarfin doki 110 ce, duba lambar shasi, galibi za ka ga RHZ. Mai doki 90 ita ce RHY, ba ta da intakula. Dukansu 1,997 cc ne, bawul 8, inji mai jimiri in ya samu mai riƙe shi. A mai 110 zuƙar iska ce ke sarrafa ƙofar turbo, ta wasu siraran tiyo na roba da ɗan bawul na lantarki, zafin ƙasarmu kuma busar da su yake yi su tsage. Na biyu, na'urar auna iska da ke bayan filtar iska, ƙurar hunturu ce ajalinta. Na uku EGR, bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji, in ya maƙale a buɗe to duk abin da ka lissafa shi ne. Cikin ukun nan ne, ko kaffara ba zan yi ba. Ka nemi mai kwamfuta da ke da Lexia ko Diagbox, kayan binciken matsalar Peugeot, ba ɗan abin nan da ake haɗawa da waya ba. Kuma ba ka gaya mana kilomita nawa ta ci ba, wane baƙin mai kake juye da shi, ina kake shan gas.

Direban Funtuwa:
Malam sayar da ita tun tana tashi da kanta. Ni 307 mai 1.6 HDi ta kusa sa ni bara. Turbo biyu na saya cikin wata biyar, ashe siririn bututun da ke kai masa mai ne ya toshe, akwai 'yar raga a ciki da datti ke cikewa, bakaniken bai taɓa buɗe wajen ba, sai dai ya ce Alhaji ƙaddara ce. Kwana 40 tana garejinsa, da na ɗauko ta batirin ma ba nawa ba ne. Har wajen shugabansu na kai ƙara aka ce in yi haƙuri. Ga gas kullum ya fi fetur tsada, ina ribar?

Injiniya Mai Gas:
Alhaji 1.6 daban, 2.0 daban, kada ka haɗa jaki da doki.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan muna da su da yawa, ba mu ganin wahalarsu kamar ku, don masu gyaransu sun san su. Ni ban yarda da Injiniya duka ba. Motar da ke warwarewa in an kashe an tayar, sau da yawa gazuwal ne, gas a faɗarku, ba ya isa. Akwai ƙaramin famfo cikin tanki, in ka murɗa makulli kafin ka tayar za ka ji ƙugin shi ta baya. In ya tsufa yana sakin garin ƙarfe. Buɗe gidan filtar gazuwal ka haska da tocila, in ka ga abu yana ƙyalli a ƙasa to ka tsaida motar nan take, don in ya kai babban famfo da nozul kuɗin ba kaɗan ba ne. Yaushe rabonka da canza filtar ma?

Abban Siyama:
Na gode ƙwarai. Agogo yana 187,000 da na saya, yanzu 214,000. Filtar gas ban canza ba don ba wanda ya ce in canza. Juye kuwa ba na wasa da shi, mai lamba 40 na durom nake zubawa, wajen mahaifin wani ɗalibina, yana min ragi. Gas kuma wajen ƙanin mai ɗakina nake saya a jarka, shi yake kai wa masu janareta da injin niƙa. Mutum ne mai tsoron Allah, ba zai cuce ni ba, kuma in wata ya yi nisa yana ba ni bashi, gidan mai kuwa ba za su ba ni ba.

Injiniya Mai Gas:
Inna lillahi. Malam kai ke kashe motarka da hannunka. Injin niƙa ko me ka zuba masa zai haɗiye. Wannan kuwa famfonsa yana matse gas har bar 1,350 a ma'aunin matsi kafin ya fesa ta ƙofofin da ba su fi kaurin gashi sosai ba, kuma gas ɗin shi ne man shafawar famfon. Ɗigon ruwa ko surkin kananzir ya ishe shi. Ba na zargin surukinka, amma shi ma saya yake, ya san hannu nawa ya bi? Mai lamba 40 kuma da safe kauri gare shi, kafin ya isa turbo da ke juyi sama da sau 100,000 a minti an riga an yi ɓarna. Ka koma 10W-40 na galan mai hatimi, juye duk kilomita 5,000, don a Turai tun 2009 sulfa a gas ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan, namu an daɗe ana fama da mai sulfa da yawa, shi ke saurin lalata baƙin mai. Kilomita 27,000 da filta ɗaya! Agogon ma kada ka yarda da shi, motar 2002 da 187,000, wa ya ga lokacin da aka mayar da shi baya? Taimin bel fa? Na san amsar. Ranar da ya tsinke fistin zai haɗu da bawul, a nan za ka san turbo arha ne. Kuma ina da yaƙinin an cire mata tamostat, mai daidaita zafin inji.

Abban Siyama:
An cire, amma ai kowa cirewa yake saboda zafin nan, kuma ba ta taɓa tafasa ba. Bel ɗin abokina ya ce sabo ne aka sa a can. Injiniya kana magana kamar ba ka san albashin malamin makaranta ba. Kuma wata 14 da wannan gas ɗin da wannan man take tafiya lafiya, me ya sa sai yanzu?

Injiniya Mai Gas:
Sai yanzu tulun ya cika. Injin gas da ba ya ɗaukar zafinsa shi ke tara baƙin toka a EGR. Ka mayar da tamostat.

Oga Rewaya:
Ku daina tsorata bawan Allah. Malam zare soket ɗin na'urar auna iskar ka zagaya da ita, in ta fi ja to ita ce, ko sisi ba ka kashe ba. EGR kuma a yanko faranti a toshe shi. Sannan ka riƙa zuba ɗan man giya na otomatik a tanki yana wanke nozul.

Injiniya Mai Gas:
Toshe EGR na yarda, ni ma ina yi. Man giya a tankin HDi kuwa, wanda ya koya maka Allah ya yafe masa, wannan dabarar tsofaffin Mercedes ce masu famfon da ba lantarki.

Ɗan Maraɗi:
In ya toshe kuma ashe gazuwal ne fa? Ku bari ya duba filta tukuna.

Maman Walida:
Ni dai abin da ya tsaya min shi ne filin gado. Haka maigidana ya karɓi kuɗin adashena ya sayi wata mai gas, yau shekara biyu tana ƙofar gida kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, in na yi magana ya ce ana neman ƙwaƙwalwarta a Legas. Malam ka ɗauki shatar mota ka kai tsofaffin mutane Gusau, kada ka tsaya da su a daji, hanyar nan ba wajen lalacewar mota ba ce.

Direban Funtuwa:
Hajiya kin faɗi gaskiya. Kuma kanikawan nan sai an yi musu doka.

Abban Siyama:
Hajiya shata ba za ta yiwu ba, duk dangi sun san ina da mota, yayana kuma jira yake. Akwai abin da ban faɗa ba. Tun shekaranjiya na ba bakanike na farko kafin alƙalami, ya ce ya samo turbo na Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma kuɗin ba ya dawowa. Maƙwabcina ne, tare muke sallah, ba zan iya ce masa na fasa ba. Tunanina a sa turbon, in ba ta warware ba sai a bi naku ɗaya bayan ɗaya. Mai Lexia ɗin ma ban san inda zan same shi a nan ba.

Injiniya Mai Gas:
To me ya kawo ka neman shawara? Sa. Amma ka rubuta ka ajiye, hayaƙin nan ba inda za shi. In ka nace, a wanke intakula da bututun mai kafin a ɗaura, kuma in wata rana inji ya ɗauki gudu da kansa ka zare makulli bai mutu ba, to baƙin mansa yake sha, ka sa giya ta biyar ka danne birki ka saki kuloci.

Ɗan Maraɗi:
Malam ka buɗe filtar kuwa? Minti goma ne fa.

Direban Funtuwa:
In ka yanke shawarar sayarwa ka yi min magana, akwai mai neman bodin.

Oga Rewaya:
Malam shiru, yau kwana biyar. An sa turbon?