Dan Allah ku ba ni shawara, IT ɗina na jirgin ƙasa na neman lalacewa

Ɗalibin_Mekanikal:
Slm 'yan uwa, dan Allah ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo. Ni ɗalibi ne a jami'a ina karanta mekanikal, yanzu haka ina IT, wato horon aiki da ake tura ɗalibai, na wata shida a wani kamfanin jirgin ƙasa. Tun ina firamare nake son jirgi wlh, in na ji ƙararsa sai na tsaya na ƙirga taragai har ya wuce, shi ya sa da lokacin IT ya zo abokaina duk suka nufi kamfanonin mai da na gine-gine ni kuwa na ce sai reluwe, na kai takarda sau uku ana cewa in dawo, na yi kusan wata biyu ina sintiri kafin wani lakcaranmu ya sa baki aka ɗauke ni. Ranar da takardar ta fito mahaifina har kiran 'yan uwa ya yi yana gaya musu.

To ni burina wokshop, in ga ana kwance kan jirgi, in koyi harkar birki da injin dizal. Sai aka tura ni sashen gyaran layin dogo. Sati huɗu ina bin leburori da sandar awo a kafaɗa, a auna faɗin layi in rubuta, a ɗaure noti in rubuta. Daga nan aka samu 'yar matsala da foman, yau sati uku kenan ba a fita da ni, ina ofis ina kwafe lambobi daga takarda zuwa kwamfuta. Logbuk ɗina, littafin da nake rubuta aikin da na yi kullum, shafi uku babu komai, kuma sufabaiza na makaranta zai zo ƙarshen wata. Wani kawuna ya ce in dawo ofishinsu za a buga min hatimi a cike komai. In tafi ko in zauna? Wlh ko barci ba na iyawa.

Maman Haidar:
Ƙanina ai kai ka gode Allah, ka ma taka layin. Ni wata shida na yi ina fotokofi da kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, ga alawus ɗin da aka ce za a ba mu har na gama makaranta na yi aure ban gan shi ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ka bi kawunka kawai, babu wanda zai tambaye ka.

Tsohon Ma'aikaci:
Ɗana, shekara 31 na yi a harkar dogo kafin in yi ritaya. Ka tsallake wuri guda a labarinka. Wace 'yar matsala ce? Foman ba ya cire mutum daga layi haka kawai, don hannu yake nema kullum. Faɗi abin da ka yi.

Ɗalibin_Mekanikal:
Baba ba wani abu ba ne. Hoto na tsaya ɗauka a wurin da ake sauya wa jirgi layi don in sa a rahotona, na shiga tsakiyar dogon na ɗan tsuguna, kuma na duba hagu da dama babu komai. Sai ya finciko ni ta rigar ƙyallin nan ya yi ta min tsawa a gaban leburori, har da cewa 'yan jami'a ba su san komai ba sai waya. Ni kuma na ce masa ai jirgin sai bayan minti arba'in zai zo bisa jadawali. Iyakar abin da na faɗa kenan.

Tsohon Ma'aikaci:
To ai ka ga wannan shi ne gaba ɗayan maganar. Da ni ne foman ɗin ranar za ka koma gida. Jadawali na jirgin fasinja ne, wa ya gaya maka kan jirgi shi kaɗai ko jirgin kayan aiki yana bin jadawalin da ke hannunka? Jirgin kaya mai nauyi in yana gudun kilomita 90 a awa, ko direba ya danna birki gaba ɗaya sai ya ci fiye da kilomita guda kafin ya tsaya, ƙarfe ne a kan ƙarfe, kuma ba shi da sitiyarin da zai kauce maka. Sannan wurin da ka tsuguna ya fi ko'ina haɗari, domin harshen ƙarfen nan da ke sauya wa jirgi layi daga nesa ake juya shi, wanda ke juyawa bai ganin ƙafarka. Na ga takalmin aiki da ya matse a wurin, mai shi Allah ya taimake shi ya zare ƙafa ya bar takalmin, da muka ciro shi ya lanƙwashe kamar an taka gwangwani. Mutumin da ya finciko ka ya yi maka abin da uba zai yi. Ka je ka ba shi haƙuri a gaban mutanen da ka mayar masa da magana.

Abu Sumayya:
Baba da girmanka amma ban yarda ba. Gyara daban cin mutunci daban. Waɗannan tsofaffin ma'aikatan haushin masu digiri suke ji, ni ma haka wani ya yi min a masana'anta, shekara biyu yana ɓoye min yadda ake saita inji don kar in fi shi. Malam ka rubuta wa sufabaizanka na makaranta takarda tun kafin ya zo, ka ce a mayar da kai wokshop, dama can ne fanninka.

Ɗalibin_Mekanikal:
Yauwa Abu Sumayya ka fahimce ni. Ni ban ce ban yi kuskure ba, amma ranar farko babu wanda ya zaunar da ni ya ce ga inda ake tsayawa ga inda ba a tsayawa, hular kwano da riga kawai aka miƙo min. Kuma gsky awon faɗin layi me ya haɗa shi da mekanikal?

Tsohon Ma'aikaci:
Me ya haɗa shi? Lambar da kake kwafewa fa? Faɗin layi na zamani milimita 1,435 ne, tsohon ƙaramin layi 1,067. In ka ga wuri ya fara buɗewa da 'yan milimitoci wata bayan wata, musamman a kwana, ƙafar jirgi ce ke cin gefen dogon ko kuma maɗaurin ya saki, in aka bar shi wata rana tarago ya sauka ƙasa. Ba a koya muku yadda ƙarfe ke miƙewa da zafi ba? Dogo mai tsawon kilomita ɗaya yana ƙaruwa da kusan milimita 11 zuwa 12 a duk digiri ɗaya, in zafi ya hau da digiri 30 lissafa ka gani, ya haura santimita 30. Shi ya sa tsohon layi ake barin 'yar tazara a mahaɗa, wanda aka yi wa walda kuma sai silifa, wato gungumen da aka ɗaure dogo a kansu, da tsakuwa su riƙe shi da ƙarfi, in tsakuwar ta yi ƙaranci da rana tsaka sai ka ga layi ya karkace kamar maciji. Takardun wata nawa ke gabanka a ofishin nan? Jera su a kwamfuta ka zana yadda kowane wuri ke canzawa, ka kai wa foman. Wannan kaɗai ya ishe ka rahoto. Kana zaune a kan abin da za ka cika logbuk da shi kana cewa babu komai.

Hajiya Injiniya:
Baba ya yi gaskiya a maganar lambobin, amma shi ma yaron yana da tasa. Ƙa'ida ce a yi wa duk sabon zuwa bayanin kiyaye haɗari kafin ya taka layi, kuma a sa mai gadi da ke hangen jirgi yana busa usur. In ba a yi masa ba, laifin ba nasa ne shi kaɗai ba. Ƙanina ka ba da haƙuri, sannan ka roƙi a yi maka bayanin a rubuce ka sa hannu. Maganar hatimin kawu kuwa ka bar ta, ranar difens da za ka kare rahotonka a gaban malamai tambaya biyu za a yi maka a gane ba ka je ko'ina ba, na zauna a irin kwamitin nan na ga ɗalibi ya kasa faɗin sunan sashen da ya ce ya yi wata shida a ciki.

Maman Haidar:
Hajiya a makarantarku kenan. Mu namu ko buɗe logbuk ɗin ba su yi ba.

Ɗalibin_Mekanikal:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Amma fa ku gane, ba girman kai ba ne, na gaishe shi sau biyu bayan abin ya faru ko kallona bai yi ba. Kuma in na je na ba da haƙuri a gaban leburori kamar na amince kenan da maganar da ya yi a kan 'yan jami'a. Lambobin ma ban san ko za a bar ni in fita da su ba, an ce takardun kamfani ne. Ni dai har yanzu wokshop nake so, saura wata huɗu kawai, ban taɓa ko leƙa cikin kan jirgi ba.

Tsohon Ma'aikaci:
Gaisuwa ba ban haƙuri ba ce ɗana. Kuma ko wokshop ɗin ka je, foman ɗin can zai tambayi na nan wane irin yaro ne kai. Can ma akwai rami a ƙarƙashin jirgi da kuren da ke ɗaga tan-tan na ƙarfe a saman kanka, wa zai karɓi wanda aka ce yana jayayya in an ce ya matsa?

Abu Sumayya:
Ka ga irin abin da nake faɗa ko, duk bakinsu ɗaya. Rubuta takardar nan malam.

Ɗalibin_Mekanikal:
Kawu ya sake kira yanzu ya ce in ba shi amsa kafin Litinin don mai hatimin zai yi tafiya. Na buɗe takardun awon na watan jiya ina dubawa, akwai wata kwana da lambar ta ƙaru sau uku a jere, ban sani ba ko ni na yi kuskuren kwafa. Baba in na turo maka hoton ta inbox za ka duba min?

Sadiq_300L:
Slm, dan Allah yaya mai post har yanzu suna karɓar 'yan IT a wurin? Ni sibil nake karanta, namu zai fara semista mai zuwa.